FASHIN BAƘI: Hayaƙin da ba kai ka kunna ba: abin da matafiyin Zamfara ke tararwa a biranen waje, da dokar da ke barci a gida

A Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, saurayin da ke shan sigari ya san wuraren da ake sha. Akwai bayan tasha, akwai gindin bishiyar da ta yi nesa da majalisar dattawa, akwai teburin mai shayi bayan sallar Isha'i idan gari ya fara watsewa. Da zarar ya hango kawunsa ko limamin unguwa tafe, sai karan ya shige cikin tafin hannu, hannun kuma ya koma bayan riga. Babu wanda ya taɓa karanta masa sashen wata doka. Kunya ce ke aiki, kuma albarkacinta dubban mutanen da ba su taɓa sa sigari a baki ba suke wuni su kwana ba tare da hayaƙinta ya shiga huhunsu ba.

Wannan kariya tana da iyaka, iyakarta kuwa ita ce inda aka san mutum aka san gidansu. Ranar da ɗan yankin ya sauka a Alƙahira da mahaifinsa marar lafiya, ko ya shiga Guangzhou sarin kaya, ko ya kama ɗakin haya a birnin da ya je karatu, sai ya tarar da mutanen da ba su ga abin ɓoyo a sigari ba. Direban tasi zai kunna ba tare da ya waiwayo ba. Mai shago zai miƙo masa kara a matsayin karamci. A nan ne matafiyi ke gane cewa abin da ya rage masa shi ne dokar garin, idan akwai ta, da kuma sanin yadda zai yi amfani da ita.

Bambancin da alƙaluma suka nuna

Binciken shan taba tsakanin manya da aka gudanar a Najeriya a 2012, tare da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya, ya nuna kashi 5.6 cikin 100 na manya ne ke amfani da taba, kuma tsakanin maza adadin bai wuce ɗaya cikin goma ba. A Masar kuwa, aƙalla huɗu cikin kowane maza goma suna sha. A China kusan rabin maza ne, kuma yawan mashaya sigari a ƙasar ya haura miliyan 300, wato sun fi al'ummar Najeriya baki ɗaya yawa. A Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi da kuma yawan alhazai, kusan biyu cikin kowane maza uku ne.

Ma'anar wannan ga matafiyi a fili take. A motar haya mai ɗaukar fasinja shida daga Talata Mafara zuwa Gusau, akwai yiwuwar babu mashayi ko ɗaya, idan ma akwai to zai daure har a tsaya. A gidan shayi na Alƙahira mai kujeru ashirin, wanda ba ya sha shi ne baƙon abu.

Me hayaƙin wani ke yi wa wanda bai sha ba?

Mutane da yawa suna ɗaukar lamarin a matsayin wari ne kawai, abin da za a toshe hanci a wuce. Likitoci sun daɗe da wuce wannan mataki. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa sankara. Hayaƙin da ke isa ga na kusa iri biyu ne: wanda mashayin ya busar daga bakinsa, da wanda ke tashi daga bakin karan yana ci shi kaɗai tsakanin zuƙa da zuƙa. Na biyun bai bi ta audugar gindin sigari ba, kuma yana ƙonewa ne da wutar da ba ta kai ta lokacin zuƙa ƙarfi ba, shi ya sa wasu gubobin suka fi yawa a cikinsa. Mafi yawan hayaƙin da ke cika ɗaki daga nan yake fitowa.

A 1981 wani likitan Japan, Takeshi Hirayama, ya wallafa sakamakon bin diddigin dubban matan aure da ba sa shan taba, ya gano waɗanda mazajensu ke sha sun fi kamuwa da sankarar huhu. Kamfanonin taba sun kashe kuɗi mai yawa don rusa binciken, amma shekaru suka ci gaba da tabbatar da shi. A 2006 ofishin babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya rufe muhawarar: babu wani adadi na wannan hayaƙi da za a ce ba ya cutarwa. Wanda ke shaƙarsa kullum a gida ko a wurin aiki, haɗarin ciwon zuciyarsa yana ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, na sankarar huhu kuma da kashi 20 zuwa 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya ne ke mutuwa duk shekara ta wannan hanya, mutanen da ba su taɓa sayen kara ɗaya ba.

Gaskiya ne waɗannan alƙaluma sun fi shafar wanda ya shekara yana shaƙa. Lafiyayyen matashi da ya yi mako biyu a wani birni ba zai dawo da sankara don ya zauna kusa da mashayi ba, kuma tsoratar da shi da haka rashin adalci ne ga gaskiya. Sai dai a dubi su wa ke fita waje daga wannan yanki. Akwai dattawan da suka tara kuɗin noma shekara da shekaru don sauke farali, da yawansu masu hawan jini. Akwai marasa lafiyar da aka tura Masar ko Indiya saboda zuciya ko ƙoda. Akwai mata masu juna biyu da ke zuwa Umara, da yara masu asma. Ga irin waɗannan, ɗan lokaci ma yana da tasiri: hayaƙin yana sa jini saurin daskarewa, yana takura jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, yana iya tayar da asma nan take. Bayan Scotland ta hana shan taba a rufaffun wuraren jama'a a 2006, adadin masu zuwa asibiti da bugun zuciya ya ragu da kashi 17 cikin 100, kuma mafi yawan ragin ya faru ne tsakanin waɗanda ba sa sha.

Ɗalibi kuwa, wanda zai yi shekara huɗu ko shida yana raba ɗaki da mashayi, shi ba baƙon mako biyu ba ne. Lissafinsa ɗaya da na matar mashayi.

Makka da Madina: inda doka ta fi ƙarfi

Tafiyar da ta fi kowace ɗaukar mutanen yammacin Zamfara ita ce ta ƙasa mai tsarki, kuma shekara da shekaru alhazan jihar daga filin jirgin saman Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato suka riƙa tashi. A cikin jirgi babu damuwa, domin tun shekarun 1990 aka fara kawar da sigari daga jiragen ƙasa da ƙasa, yau kuma kunna ta a ban-ɗakin jirgi laifi ne da ke iya kai mutum hannun 'yan sanda.

A 2001 Sarki Fahad ya ayyana Makka da Madina a matsayin biranen da aka tsarkake daga taba, aka kuma bi da matakan hana sayar da ita a kewayen Harami da cikin garuruwan. Dokar Saudiyya ta hana sha a masallatai da harabarsu, da asibitoci, da makarantu, da filayen jirgin sama, da motocin haya, kuma tarar wanda ya karya ita ce Riyal 200. Wannan na nufin alhajin da ya ga ana busa hayaƙi a harabar masaukinsa yana da abin dogaro idan ya yi magana.

Amma doka ba ta hana mutum zuwa da kwalinsa a jaka ba. Inda aka tara mutane sama da miliyan ɗaya daga ƙasashen da rabin mazansu ke sha, dole hayaƙin ya nemi mafaka: matakalar bene a otal, bakin ƙofar shiga, lungunan bayan tantunan Mina, gefen motocin jigila idan an tsaya. Matsalar ita ce alhaji a wannan lokaci ya riga ya gaji, zafi ya dake shi, ga tarin nan da kusan kowa ke dawowa da shi. Dattijon da ke hawa matakala saboda lif ya cika, numfashinsa na sama-sama, shi ne ke zuƙar hayaƙin da ya taru a wurin da babu taga. Abu ne ƙarami a faɗa wa irin wannan dattijo ya jira lif, ko a canza masa gado daga bakin ƙofar tanti, amma sai an san da matsalar tukuna. A bitar da ake yi wa maniyyata ana koyar da ɗawafi da jifa, da yadda ake ɓoye guzuri daga ɓarayi. Ƙara minti biyar a kan wannan, musamman ga masu ciwon zuciya da asma, ba zai ci wa hukumar alhazai ko kwabo ba.

Alƙahira: dokar takarda

Idan Makka ce misalin birnin da doka ke da haƙori, Alƙahira ce kishiyarta, kuma ita ce ta fi kama da gida ta fuskar da bai kamata ba. Masar tana da doka tun 2007 da ta hana shan taba a asibitoci, da makarantu, da ofisoshin gwamnati. Malaman ƙasar sun yi fatawar haramci. Duk da haka baƙo zai ga sigari a hannun direban tasi, a ofis, a matakalar gidan haya, har a wuraren da aka manna takardar da ke cewa an hana.

Abin da ya fi rikita baƙo shi ne gidan shayi. Bahaushe ya saba da teburin mai shayi a fili, iska na kaɗawa ta kowace fuska. Gidan shayin Alƙahira kuwa gidan shisha ne, kuma wanda ya shiga don ya sha shayi ya huta ya shiga cikin hayaƙi iri biyu. Shisha tana da ƙanshin tuffa ko na'a-na'a, abin da ke sa mutane su ɗauka ta fi sigari sauƙi, har wasu na cewa ruwan da ke cikin tulun yana tace gubar. Ruwan yana sanyaya hayaƙin ne kawai. Garwashin da ake ɗorawa a kanta kuma yana fitar da iskar kabon monoksayid, irin gubar da ke kashe iyali idan aka kwana da janareta a cikin gida. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai da jirin da baƙo ke ji bayan awa ɗaya a rufaffen gidan shisha, wanda yake ɗora wa gajiyar tafiya, sau da yawa daga nan yake.

Mai jinya da ya kai mahaifinsa Alƙahira don aikin zuciya yakan mai da hankali kan asibiti da likita da canjin kuɗi. Gidan da za a yi jinyar bayan an sallame su, wanda dillali ya samo cikin gaggawa, shi ne ba a bincika. Alhali a nan marar lafiyar zai yi makonni.

Ɗakin kwana, da yaudarar "ɓangaren marasa sha"

Akwai hayaƙin da ke zama bayan mashayin ya tafi. Nikotin da sauran sinadarai suna manne wa labule, da katifa, da darduma, da bango, su ci gaba da fita a hankali har tsawon watanni. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan otal-otal na jihar Kalifoniya a Amurka ya gano cewa a otal ɗin da ya ware wasu ɗakuna don mashaya, ɗakunan da aka ce na marasa sha ne ma suna ɗauke da gurɓatar taba fiye da ɗakunan otal ɗin da ya hana sha gaba ɗaya. Hayaƙi yana bi ta ƙarƙashin ƙofa, ta baranda, ta bututun na'urar sanyaya ɗaki. Saboda haka tambayar da ta dace a yi tun kafin a biya kuɗi ita ce ko an hana sha a ginin duka. Idan ba a samu haka ba, a nemi hawan benen da babu ɗakin mashaya a cikinsa, a kuma shiga ɗakin a shinshina labule da matashin kai kafin a sauke kaya. Ɗakin da aka fesa wa turare mai ƙarfi fiye da kima yakan kasance yana ɓoye wani abu ne. Neman canji a minti goma na farko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan nemansa da tsakar dare.

Haka lamarin yake a gidan abinci. Raba zaure biyu a ce nan na masu sha, can na marasa sha, ba ya raba iska. Rahoton 2006 ɗin nan ya bayyana ƙarara cewa ware wuri, ko sa fanka, ko na'urar tace iska, babu wanda ke kawar da haɗarin a rufaffen gini. A waje kuwa labarin ya sha bamban: hayaƙi yana bajewa da sauri, kuma matsawa taku kaɗan zuwa ɓangaren da iska ke fitowa yana rage mafi yawansa. A garuruwan da suka hana sha a ciki, kamar Istanbul tun 2009, abin yakan juya: cikin gidan abincin ya fi tsabta, mashaya kuma sun koma kujerun bakin titi da aka yi wa rumfa. Wanda ya zaɓi waje don ya sha iska, sai ya tarar ya zauna a tsakiyarsu.

Takunkumin fuska, wanda annobar korona ta saba wa kowa da shi, taimakonsa kaɗan ne. Na asibiti mai launin shuɗi ba a yi shi don hayaƙi ba. Mai kauri irin N95 yana tare ƙananan ɓurɓushi idan ya zauna daidai a fuska, amma iskar guba tana ratsa shi.

Sai mota, wadda ita ce mafi munin wuri saboda ƙanƙantarta. Ko an sauke gilashi, hayaƙin da ke taruwa a kujerar baya yana da yawa, shi ya sa Ingila ta hana shan taba a motar da ke ɗauke da yaro tun 2015, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma tana da irin wannan doka ga yara 'yan ƙasa da shekara 12. Lokacin magana da direba shi ne kafin a shiga, lokacin da yake son kuɗin fasinja, tun ba a kama hanya ba.

Yadda ake magana a garin da ba naka ba

Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura. Wannan karin maganar ya cuci matafiya da yawa a wannan fage, domin kunyar nan da ke kare mutum a gida ita ce ke ɗaure masa baki a waje. Baƙo ba ya son a ce ya cika fitina. Ɗan kasuwar da ke ciniki a unguwar Xiaobei ta Guangzhou yana tsoron kada ƙin karɓar sigari ya ɓata cinikin, tunda a can miƙa kara gaisuwa ce tsakanin maza, kamar yadda ake miƙa goro a Kasuwar Talata. Amma kamar goron, ana iya ƙin karɓa cikin ladabi ba tare da an ɓata ba: a yi godiya, a ɗora hannu a ƙirji, a ce ba a sha.

Dalilin da ya fi saurin karɓuwa a ko'ina shi ne na lafiya. Mashayin da aka ce masa abin da yake yi haramun ne zai ɗauka faɗa ake nema, musamman daga bakin baƙo. Wanda aka nuna masa dattijo aka ce yana da ciwon ƙirji, galibi yakan kashe ko ya matsa. Ɗan Zamfara da ya yi makarantar allo da ta Islamiyya yana da jarin da bai sani ba a ƙasashen Larabawa, domin zai iya karanta allon da aka rubuta "mamnu'ut tadkhin" ya nuna shi da yatsa. A wuraren da ke da mai kula, kamar otal ko gidan abinci, ya fi kyau a yi magana da ma'aikaci maimakon mashayin, tunda a ƙasashe da dama mai wurin ne doka ta fi ɗora wa nauyi.

Sanin dokar kowane gari kafin tafiya yana da amfani, domin ba ƙasa ɗaya doka ɗaya ba ce ko'ina. China ba ta da dokar ƙasa baki ɗaya da ta hana sha a rufaffun wurare; Beijing ta yi tata mai tsauri a 2015, Shanghai ta bi a 2017, ta Guangzhou kuwa, inda 'yan kasuwar Afirka suka fi zuwa, ba ta kai su ƙarfi ba. Indiya ta hana sha a wuraren jama'a tun Oktoban 2008, amma ta bar wa manyan otal-otal da gidajen abinci da filayen jirgin sama damar ware ɗakin mashaya.

Dokar da ake da ita a gida

Mai karatu zai iya cewa, a yankin da 'yan bindiga ke tare hanya, suke sa wa ƙauyuka haraji kafin a girbe gona, wa ke da lokacin hayaƙin sigari? Tambaya ce mai nauyi, kuma babu mai hankalin da zai daidaita su. Sai dai rashin tsaron ne ma ya sa ciwon zuciya ya fi tsada a nan. Talata Mafara tana kusan tsakiyar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, kuma wanda bugun zuciya ya kama da dare a wani ƙauyen Maradun, tsakaninsa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo akwai hanyar da ba kowa ke yarda ya bi ta bayan magariba ba.

Najeriya ba ta rasa doka ba. Tun 1990, zamanin mulkin soja, aka yi dokar farko da ta hana sha a wasu wuraren jama'a. A 2005 ƙasar ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda sashenta na 8 ya wajabta kare mutane daga hayaƙin wasu. A watan Mayun 2015, kwanaki kaɗan kafin ya sauka, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa. Ta hana sha a makarantu, da asibitoci, da motocin haya, da sauran wuraren jama'a da ta lissafa. Ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ta hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali mai ashirin. Wanda ya sha a inda aka hana, hukuncinsa tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Sai da aka ƙara shekara huɗu, a 2019, kafin Majalisar Tarayya ta amince da ƙa'idojin aiwatar da ita.

Wanda ke son sanin inda dokar ta kwana, ya tsaya gaban kowane mai tireda a tashar mota ya nemi kara ɗaya. Ita kanta dokar tana da ƙofar da masu fafutuka suka daɗe suna kuka da ita, domin ta yarda a ware wurin mashaya a wasu gine-gine, abin da kimiyya ta riga ta nuna ba ya aiki. Inda hukuma ta nuna ƙarfi shi ne a sama: a Disamban 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta sanar da tarar Dala miliyan 110 a kan kamfanin British American Tobacco da rassansa, bisa karya dokoki da suka haɗa da wannan ta 2015. Kuɗi ne mai yawa, amma fasinjan da ke kujerar baya bai ji canji ba.

A nan akwai abin lura game da waɗannan ƙananan hukumomi uku. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24 ɗan yankin ne ke kujerar gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Lokacin da aka zartar da dokar 2015, Yarima yana Majalisar Dattawa, Matawalle yana wakiltar Bakura da Maradun a Majalisar Wakilai, Yari kuma yana gidan gwamnati a Gusau. Zamfara ce jihar da ta fara faɗaɗa shari'ar Musulunci a wannan jamhuriya, ta rufe gidajen giya da na caca, ta kafa Hisba. Wato jiha ce da ta nuna tana iya shiga sha'anin ɗabi'ar jama'a idan ta ga dama. Legas, wadda ba ta yi iƙirarin komai na addini ba, ta yi tata dokar hana shan taba a wuraren jama'a tun 2014.

Wataƙila dalilin sassaucin yana da tsohon tarihi. Giya hukuncinta a bayyane yake, taba kuwa malamai sun yi ƙarni huɗu suna saɓani a kanta. Tun farkon ƙarni na 17 Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta fatawar da ta halatta ta, wasu suka ce makaruhi ce, malaman wannan zamani da dama kuma suka ce haramun ce bayan cutarwarta ta tabbata. A ƙasar Hausa ma taba ba baƙuwa ba ce: an san lofe, an san taba gari, an san furen da mata ke gogawa a haƙori tare da goro. Amma duk wannan saɓani a kan mai sha yake, ko ya halatta ya cutar da kansa. Hayaƙin da ke shiga huhun maƙwabci mas'ala ce daban, ta haƙƙin wani, kuma a kan hana cutar da wani babu mazhabar da ta yi saɓani.

Kunyar da ake dogaro da ita kuma ba ta kai ko'ina. Ba ta shiga ɗakin kwanan ɗalibai idan an rufe ƙofa, ba ta shiga gidan kallon ƙwallo mai rufin kwano inda samari hamsin ke cunkushe na awa biyu, ba ta bin shisha da ta shigo garuruwan Arewa da sunan gayu. Ba ta kuma kare matar da mijinta ke ɓoye wa duniya sigarinsa ta hanyar shanta a cikin ɗaki, inda ita da jaririnta suke kwana. Garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da kuma Jami'ar Jihar Zamfara yana tara matasa daga wurare daban-daban, waɗanda babu kawun da za su ɓoye wa hannu.

Matakan da suka rage ba na biliyoyin Naira ba ne. Shugaban ƙaramar hukuma na iya zama da shugabannin ƙungiyar direbobi a manna sanarwa a tasha da cikin motoci. Hukumar makaranta na iya sa sharaɗin a takardar kama ɗaki. Majalisar Dokokin Jiha na iya ɗaukar dokar tarayya ta mai da ita ta jiha, ta rufe ƙofar "wurin mashaya", ta faɗi ƙarara wace hukuma ce za a kai wa ƙara. A halin yanzu, fasinjan da direba ya kunna sigari a gabansa tsakanin Bakura da Talata Mafara yana da doka a bayansa tun 2015, amma da wuya a samu ɗaya cikin motar da ya san da ita, balle ya san ofishin da zai nufa idan an sauka.